Ranar da Aka Hana Matan Zumunta Waƙa

Duk wanda ya zauna Narayi ya san matan zumunta na coci ba sa rabuwa da abu biyu, zanen anko da waƙa. Ko dubiya za su je, sai sun rera a hanya, sun rera a ƙofar gida, sun kewaye gadon marar lafiya sun rera, har bawan Allah ya tashi zaune ya ce ya ji sauƙi don dai a bar shi ya huta. To, waɗannan matan ne shugabarsu, Mama Scholastica, ta tsaya a gabansu ranar Laraba bayan addu'a, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta ce musu ranar Asabar babu waƙa.

"Babu me, Mama?" in ji Eunice, mataimakiyarta, wadda shekara goma sha biyu ke nan ita ke ɗauko musu waƙa.

"Kin ji ni sarai. Babu waƙa, babu tukunyar kiɗa, babu caki. Ko guɗa na ji, zan san daga bakin wa ta fito."

Mata suka dubi juna. Wata tsohuwa daga baya ta ce to ai gara a ce su zauna a gida, me za su je yi da baki a rufe kamar waɗanda aka kai kotu? Aka yi dariya, ban da Scholastica. Ba ta saba maimaita magana ba, amma ranar ta daure ta sake yi musu bayani daga farko.

Taron Asabar ba nasu ba ne su kaɗai. Wata shida ke nan iyaye a unguwannin Narayi da Television da Kakuri suna kuka da shagunan cacar ƙwallo da suka tsiro a jikin katangar makarantu. Ɗalibi ya fita da safe da jakarsa, ƙarfe goma sai a tarar da shi da yunifom a shagon caca, yana jiran wata ƙungiya a ƙasar da bai san inda take ba ta jefa ƙwallo a raga. Iyaye suka kafa kwamiti, suka sa masa suna Iyaye Masu Kishin Tarbiyya, suka rubuta takarda. A ɗage shagunan daga kusa da makarantu, a daina sayar wa ɗalibai abin maye, a dawo da darasin addini na safe, kowa da nasa. Suka kai wa hukuma. Wani jami'i mai tumbi ya karanta, ya ninke, ya ce musu cikin ladabi ai wannan maganar coci ɗaya ce, ko biyu. In da gaske jama'a na bayansu, su nuna a gani.

Wannan maganar ce ta tsaya wa Scholastica a rai. Washegari ta hau keke napep ta tafi Makera wurin Hajiya Kubura.

Su biyun sun san juna tun lokacin da masaƙun Kakuri ke aiki, suna sayar da abinci a ƙofa ɗaya, ita shinkafa da wake, Kubura tuwo da miyar kuka. Masaƙa ta rufe, gari ya yi rikicinsa, kowa ya koma inda nasa suke, amma su ba su daina aika wa juna abincin Sallah da na Kirsimeti ba. Yanzu Hajiya Kubura ce ke jan ragamar matan Islamiyyu shida a Makera, kuma in ta ce a fito, fitowa ake yi. Har gobe bakinta bai iya faɗin Scholastica ba, Sukola take ce mata.

"Sukola, ciwon da ke damunku shi ke damunmu," in ji Hajiya bayan ta saurare ta. "Amma matan nan ba ni na ajiye su ba, suna da maza. In na ce akwai taro a Television, tambaya ta farko, na coci ne? Ta biyu, na 'yan siyasa ne? Me zan ce?"

"Ki ce a'a, duka biyun."

"Na san ku fa. Ku uku in kun haɗu a bakin famfo sai kun yi waƙa. Matar malam ba za ta zauna ana buga mata tukunya a ka ba, sannan ta koma gida ta ce taron tarbiyya ta je. Ni kuma daga ranar bakina ya mutu a unguwa, ko gaskiya na faɗa ba mai ji."

Scholastica ta ɗora hannu a ƙirji. Ta ce ta yi alkawari, babu waƙa daga buɗewa har rufewa, kuma babu ɗan siyasar da zai ɗauki matan Makera ya sa a aljihu. Hajiya ta ce ta ji, za ta kawo su. Amma ƙarfe ɗaya za su tashi saboda Azahar, ko an gama ko ba a gama ba.

Abin da Scholastica ta faɗa wa matan zumunta ke nan ranar Laraba. Eunice ta turo baki, ta ɗauki tukunyar kiɗa ta kai ɗakin ajiya, ta rufe ƙofar da ƙarfin da bai kamata ba. Scholastica ta yi kamar ba ta ji ba. Shekara talatin da ɗoriya ba ta taɓa faɗa wa Kubura magana ta tashi ba, ba kuwa a kan fushin Eunice za ta fara ba.

Ranar Asabar ƙarfe bakwai ta riga kowa zuwa filin makarantar firamare da aka ba su a Television. Damina ta ja baya, ƙasa ta bushe, rana ta fito tun da wuri da alamar ba za ta yi wasa ba. Kwamiti ya jera kujerun roba dubu biyu, ta tarar da su a jere babu kowa a kai. Ta ce a ranta, Ubangiji, ko rabi ka cika mana, mun gode. Ta zagaya gefen da bishiyoyin mangwaro suke, inda ta ware wa matan Makera saboda inuwa, ta duba tabarmi da butocin da ta sa aka sayo, ta sake dubawa.

Ashe ba ta san me ke tafe ba. Kafin ƙarfe tara kujeru sun ƙare. Motoci suka yi ta sauke mutane daga Rido, daga Sabon Tasha, daga Unguwan Romi, daga Gonin Gora. Matan zumunta na coci-coci suka shigo a jere, kowace ƙungiya da launin zanenta, masu shuɗi, masu rawaya, masu kore da fari. Malaman makaranta suka zo, kanikawa suka rufe gareji suka zo da baƙin mai a farce, tsofaffin ma'aikatan masaƙa suka zo da sandunansu suna gaisawa da waɗanda suka yi zaton sun mutu. Wanda ya rasa kujera ya zauna a kan katanga, wanda ya rasa katanga ya tsaya. Masu fiya wata suka sayar da na kansu, suka koma suka ɗauko, suka sake komawa.

Amma ƙarƙashin mangwaro babu kowa. Tara da rabi ta yi, babu kowa. Scholastica ta kori wasu maza uku da suka je shan inuwa, har ɗaya ya ce mata, Mama, inuwar ma ta zama ta gado? Ta ce eh, kuma ba gadonsa ba ne. Tana faɗa tana duba ƙofar fili. Tsoro take ji ƙwarai, don ta san in matan Makera ba su zo ba, ko mutum dubu ɗari suka tara, coci za a ce.

Goma saura kwata sai ga bas ta farko, da ta biyu a bayanta. Hijabai suka fara saukowa, farare da ruwan toka da ruwan ƙasa, wasu da goyo, wasu da 'yar kujerar tsuguno a hannu. Bayansu ga maza, teloli da maƙera da 'yan kasuwa, Malam Zakariyya'u na gaba, limamin da kwamiti ya ba mataimakin shugaba. Scholastica ta ƙirga bas har goma sha huɗu, daga nan lissafi ya ɓace mata, don idonta ya cika da hawaye. Hajiya Kubura ta sauko tana riƙe da gwiwa, ta dubi filin daga wannan gefe zuwa wancan.

"Tabɗi! Sukola, kun bar wani a gida kuwa?"

"Marasa lafiya da ɓarayi," in ji Scholastica, ta rungume ta.

Aka buɗe taro yadda aka saba a garin nan in an haɗu. Malam Zakariyya'u ya yi addu'ar buɗewa, aka bar wa Rabaran shugaban kwamiti ta rufewa. Wata shugabar makaranta ta yi magana, wani likita ya yi, wani tsohon soja ya yi har ya manta abin da ya kawo shi ya shiga labarin yaƙi, aka tafa masa ya sauka. Duk wannan kuwa matan zumunta bakinsu a rufe. Kai, abin tausayi abin dariya! Mata sama da dubu masu anko, ga taro irin wanda ba su taɓa gani ba, an ce kada su rera. Eunice leɓenta na motsi babu sauti, ƙafarta na buga ƙasa. Tsohuwar nan ta ranar Laraba ta sayi goro tana ta tauna, ita da ba ta cin goro, wai don bakin ya sami aikin yi.

'Yan jarida kuwa suna ta kai-kawo. Scholastica ta ji ɗaya yana faɗa wa waya mutum dubu goma, sakataren kwamiti yana rantse wa wani dubu hamsin, ɗan sandan da ke ƙofa ya ce shi a ganinsa dubu uku ne, kamar daga aljihunsa za a ciyar da su. Wata 'yar jarida ta miƙo mata waya a baki, ta ce ana cewa ba a taɓa taron masu ra'ayin 'yan mazan jiya irin wannan a kudancin gari ba, ga zaɓe saura wata huɗu, wace jam'iyya za su bi?

"'Yata, dubi filin nan da kyau," in ji Scholastica. "Mu iyaye ne. Wanda ke son ƙuri'armu ya san inda shagunan suke, ya je ya fara daga can."

Ta faɗi haka ne tana kallon motoci masu baƙin gilashi da suka jeru a bakin titi. Kowa a filin ya san lissafin da ake yi a cikinsu. Zanen anko da hijabi a fili ɗaya, abin da 'yan siyasa suka yi shekaru suna nema da hula da shinkafa ba su samu ba, ga shi ya taru da kansa. Duk wanda aka ce wannan taron nasa ne, kujerar majalisar jiha ta zama tasa tun kafin a buga takardar zaɓe. Don haka ne kwamiti ya kafa doka, ɗan siyasa ya zo ya zauna kamar kowa, amma ba zai taɓa makirufo ba.

Cikin waɗanda suka zo har da Honorabul Derrick, tsohon kansila, mai neman majalisa. Scholastica ta san shi tun yana makarantar Lahadi, ita ta sha share masa majina. Ya zo da babbar riga fara ƙal, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta, Mama kaza Mama kaza, ya wuce ya gai da Hajiya Kubura da Hausar da ta fi ta liman. Scholastica ta amsa da fara'a, don yaron ba mugu ba ne, baki ne da shi da buri. Amma ta lura da yadda idonsa ke komawa kan dandamali. In ka ga kare na shinshina takalmi, ɗauka zai yi.

Abin da ba ta sani ba, mazan kwamiti sun yi wata dabara ba su faɗa mata ba. Lasifikoki da janareta da dandamalin kansa, duk Derrick ne ya ba da aro, wai gudummawa. Su kuwa suka karɓa suna murna. To, kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski.

Ƙarfe goma sha biyu daidai, lokacin da za a karanta takardar koke kowa ya ɗaga hannu a miƙa wa wakilin hukuma, wato abin da aka taru dominsa, sai ga Derrick a kan dandamali yana raɗa wa mai gabatarwa magana. Minti biyu kawai, zai gai da iyaye. Wa zai hana mai makirufo makirufonsa? Mai gabatarwa ya dubi Rabaran, Rabaran ya dubi takalminsa.

Da farko gaisuwar ya yi, har aka tafa. Sai ya ce tun yana kansila yake wannan yaƙin. Sai ya ce wannan taro ya nuna wa duniya inda jama'a suka dosa. Minti biyar, minti goma. Sai wasu matasa suka fito daga bayan ajujuwa da buhunan huluna, wasu kuma suka ware wani ƙaton ƙyalle mai hoton fuskarsa, suka ɗaure a jikin mangwaro, daidai saman kan matan Makera. Mai kyamara ya durƙusa yana ɗauka, fuskar Derrick a sama, hijabai a ƙasa.

Scholastica ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Rabaran ya rubuta 'yar takarda ya miƙa, Derrick ya karɓa ya sa a aljihu bai duba ba. Malam Zakariyya'u ya yi gyaran murya sau uku, a banza. Wani ya ce a kashe janareta, aka duba, ga ƙarti huɗu sun kewaye shi sun harɗe hannu. Sha biyu da minti ashirin. A layin baya na ƙarƙashin mangwaro mata suka fara naɗe tabarmi, wasu suka gyara goyo suka miƙe. Mazan Makera ma suka fara karkaɗe riguna. In suka fita, sauran ma watsewa za su yi, kuma gobe abin da za a gani shi ne hoton nan.

Hajiya Kubura ba ta motsa ba. Tana zaune a kujerarta, hannu a cinya, ta juyo ta dubi Scholastica daga can. Ba ta ma ɓata fuska ba. Wannan kallon ya fi zagi ciwo.

To, matan zumunta suna da maganin mai dogon baki, kuma duk wanda ya tashi a coci ya san shi. In wani ya tashi ba da shaida ya ƙi ƙarewa, ko baƙon mai wa'azi ya manta mutane sun bar tukunya a wuta, ba a ce masa ya yi shiru, wannan rashin kunya ne. Sai mace ɗaya ta ɗauko waƙa a hankali, sauran su amsa, a hau tafi, fuska cike da murmushi kamar daɗin maganarsa ne ya motsa su. Sai tsofaffi biyu su taka rawa su je har inda yake, su share masa gumi, su rako shi kujerarsa. Ba a taɓa yin wanda ya tsallake wannan ba, ko bishop ne. Shi ne makami ɗaya da Scholastica ta sani, kuma shi ne ta rantse ba za ta taɓa ba.

"Mama," in ji Eunice a kunnenta. "Ki ba ni izini. Baiti ɗaya kawai."

Scholastica ta riƙe mata hannu. Gaba kura, baya sayaki. Alkawari biyu ta yi wa Kubura a zama ɗaya, yau ga shi ba za ta iya riƙe ɗaya ba sai ta saki ɗayan. In ta yi shiru, an sa matan Makera a aljihu tana kallo. In ta rera, ta yi abin da aka ce kada ta yi, a gaban matan malamai. Kuma in ta bar wa Eunice, abin da ke bakin Eunice waƙar coci ce, ba ta san wata ba. In dai karyawa za a yi, gara ta karya da bakinta, ta san iyakar inda ta tsaya.

Ta miƙe. Shekara goma sha biyar rabon da ta ɗauko waƙa, muryar ta dushe, da farko ma ta fito kamar ƙarar ƙofar da ba a sa wa mai ba. Ba ta nemo ko ɗaya daga cikin waɗanda ta sani ba. Abin da ke ranta kawai ta ɗora wa murya.

"Ɗanmu ka yi ƙoƙari, zo ka zauna."

Eunice ta cafke tun kafin ta sauke numfashi. "Zo ka zauna!"

"Iyayenka sun ji ka, zo ka zauna."

"Zo ka zauna!"

Wayyo, matan da aka ɗaure wa baki tun safe! Matan Narayi suka ɗauka, masu shuɗi suka karɓa, masu rawaya suka karɓa, tafi ya tashi daga wannan kusurwa ya zagaye fili. Babu tukunya, sai suka mai da bayan kujerun roba tukunya. Tsohuwar nan ta tofar da goro ta miƙe. Scholastica ta ci gaba da jefawa, rana ta yi zafi zo ka zauna, takarda muka zo ji zo ka zauna, muryarta tana buɗewa da kowane baiti. Lasifikar Derrick duk girmanta ta koma kamar kukan sauro.

Shi kuwa ya gane tun daga baiti na biyu, ai a cikin abin ya girma. Ya ɗaga hannu, ya ƙara murya, ya ce saura magana ɗaya, amma ina! Tsofaffi biyu sun riga sun hau matakala suna rangaji, ɗaya ta ciro hankici ta share masa goshi, ɗaya ta zare makirufon daga hannunsa a hankali kamar tana karɓe wuƙa daga hannun jariri. Derrick ya dubi taron, ya dubi Scholastica, sai ya yi abin da mai hankali zai yi. Ya yi dariya, ya ɗan taka rawar shi ma, ya bari aka rako shi har kujera. Matasansa da suka ga maigida ya zauna, suka kwance ƙyallen ba wanda ya ce musu.

Matan da suka miƙe a ƙarƙashin mangwaro sun tsaya cak da tabarmi a hannu. Sai Scholastica ta ji amshin yana fitowa daga can ma, da farko murya ɗaya, sannan da yawa, haɗe da dariya. Ba ta juya ba. Kunya ta hana ta, don ba ta san da wane ido za ta dubi Kubura ba. Ta ɗaga hannu, waƙa ta tsaya kamar an yanke da almakashi.

Sha biyu da minti talatin da biyar Malam Zakariyya'u ya karanta takardar da Hausa, Rabaran ya karanta da Turanci. Aka ce wanda ya yarda ya ɗaga hannu. Scholastica ta hau kan benci don ta gani da idonta. Hannuwa ne har bakin katanga, har kan katangar, masu lalle da masu zobe da masu baƙin mai, ba ka ganin ƙasa. Jami'in nan mai tumbi, wanda aka turo ya karɓa, ya cire hula ya goge kai, ya karɓi takardar da hannu biyu, ya ce ranar Litinin za ta isa inda ya kamata. 'Yan jarida suka yi ta ɗauka. Ta sauko daga bencin zuciyarta fari ƙal game da taron, amma da sauran abu ɗaya da ya tokare ta.

Ɗaya saura minti goma Rabaran ya rufe da addu'a, gajeriya kuwa, don shi ma ya ga abin da ya sami wani. Mutane suka fara watsewa suna ta raha, har wasu kanikawa na rera zo ka zauna suna tsokanar juna. Eunice ta zo tana haki, fuska kamar an yi mata albishir, ta ce Mama, ashe kina nan da muryarki! Scholastica ta ce ta je ta ga an tattara butoci. Ita kuma ta ja ƙafa ta nufi inda motocin Makera suke.

Ta tarar da Hajiya Kubura a bakin bas ta farko tana sa mata a ciki. Ta tsaya har Hajiya ta juyo.

"Hajiya, ga ni. Na ce miki babu waƙa, kuma an yi. Da bakina aka fara, ba da na wata ba. Kada ki ga laifin matana."

"Na gani ai, ba makauniya ba ce ni," in ji Hajiya, babu murmushi. "Kin karya, Sukola. Kuma za a yi magana. Kin ga mai ruwan tokar can ta kusa da taga? Kafin La'asar mijinta ya ji, kafin Magariba duk Makera ta ji an yi waƙa da tafi."

Scholastica ta sunkuyar da kai. Ta ce in ana so, gobe bayan coci za ta zo da kanta, gida-gida, ta faɗa wa mazan cewa Hajiya ba ta san da abin ba, ita ce ta saɓa.

"Ki zo ki yi musu ƙarya ke nan," in ji Hajiya.

Scholastica ta ɗago.

"Da kika ji an amsa daga wajenmu, muryar wa kika ji ta farko?" in ji Hajiya. "Shekara nawa muna kiran masu sayen abinci a ƙofa ɗaya, yau ki ce ba ki gane muryata ba? Ni na fara. Na ga kin miƙe ke kaɗai, na ce wallahi ba zan bar ki ba. Wanda ya tambaye ni, zan ce an yi waƙa, ba ta coci ba ce, kuma da bakina aka yi. In bakin zai mutu a unguwa, ya mutu a kan wannan."

 Hawaye kawai Scholastica ta ji suna bin kumatunta, a gaban direba da kowa, ba ta kuma damu ta share ba. Hajiya ta kama ƙofar bas, ta ɗaga ƙafa da ƙyar, sannan ta waiwayo.

"Laifin namu ne mu biyu, Sukola, kada ki ɗauke shi ke kaɗai, kin tsufa da ɗaukar kaya. Tura ni in hau, za mu makara salla."